Kafin ka ce "ko nawa ce zan saya": zare a kan tsofaffin libarban soja

1/ Zare ne, kuma mai tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Magana ce a kan sabuwar sha'awar da ta shigo wa samarinmu: tsofaffin libarba, kwancen sojoji, irin waɗanda Turawa ke saye a gwanjo suna harbawa a YouTube da TikTok. Ni ban yarda da ita ba. Ga dalilaina.

2/ Kun san irin bidiyon. Bature ya shimfiɗa ƙyalle a tebur, ya fito da bindigar da ta girmi kakansa, ya shafa mata mai, ya ba da tarihinta, ya je fili ya fasa kwalabe. Ka leƙa wajen sharhi sai ka ga namu: "Kai, ina ma a Kano ne." "Wallahi ko nawa ce zan saya."

3/ Daga nan zancen ya sauko majalisa da guruf-guruf na WhatsApp. Wani ya ce ai tsohuwa ce, kayan tarihi ce, doka ba ta shafe ta ba. Wani ya ce ga masu ƙwacen waya sun addabe mu, gara mutum ya samu ko ta zamanin Turawa ce ya sa a aljihu. Duka biyun kallon kitse suke wa rogo.

4/ Bari mu fara da abin da ake sha'awar. Libarba ƙaramar bindiga ce mai ganga da ke juyawa, a ramukan gangar ake zuba harsasai, yawanci shida. Webley ita ce ta sojan Ingila tun daga 1887, samfurinta mafi suna, Mark VI, ya fito a 1915 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

5/ Akwai Enfield da Ingila ta riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai Nagant ta Rasha ta 1895, mai harsashi bakwai, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1945. Da aka daina yayinsu sai rumbunan soja suka zubar da su a kasuwa da araha, Amurka ta kwashi kaso mai yawa. Asalin bidiyon ke nan.

6/ To me ya sa Baturen yake harbawa hankali kwance? Saboda dokar ƙasarsa. A dokar tarayya ta Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana lissafa ta a kayan tarihi. Waɗanda suka biyo baya ma yana iya mallakarsu da takarda. Yana da filin harbi, da makerin da ya karanci aikin.

7/ Kai fa? Kai dokarka ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, kuma har yau tana aiki. Ta raba bindiga gida uku. Ka karanta a hankali, don a nan ne masu cewa "ai tsohuwa ce" suke faɗawa rami.

8/ Gida na farko: haramtattu. Igwa, bam, gurneti, mashinga, bindigogin soja, da kuma libarba da fistol. E, libarba tana layi ɗaya da gurneti. Wannan rukuni Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsa. Ba DPO ba, ba kwamishina ba, ba gwamna ba.

9/ Gida na biyu: irin na farauta da makamantansu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku: waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da 'yan uwanta, lasisinsu na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ko adakar mafarauci sai da takarda, balle Webley.

10/ Kuma don kada wani ya kawo zancen shekaru, dokar da ta zo kan ƙananan bindigogin hannu sai da ta haɗa har da masu ƙyastu, irin na ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Idan mai ƙyastu ba ta tsira ba, ta 1915 ce za ta tsira? Babu ruwan alƙali da tsatsar da ke jikinta.

11/ Hukuncin kuwa: riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ka lissafa. Kana aji uku a jami'a, shekararka 22. Ka fito kana 32, abokanka sun gama bautar ƙasa, sun yi aure, 'ya'yansu suna firamare. Saboda hoto ɗaya na Instagram.

12/ Saboda haka ka bi Titin Ibrahim Taiwo tun daga Kantin Kwari, ka zaga Fagge, ka shiga Sabon Gari. Za ka samu atamfa, shadda, waya, janareto, kayan gyaran mota. Babu mai shagon da doka ta ba shi damar miƙa maka libarba da rasit alhali ba ka da wancan lasisin. Wanda zai sayar maka a bayan fage yake.

13/ Shi kuma na bayan fage ka tambayi kanka: ina ya samo ta? Wa ta kashe kafin ta zo hannunka? Ranar da aka kama shi, sunan wa zai fara kira? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba bindiga kaɗai ka saya ba, har da duk laifin da aka taɓa yi da ita.

14/ Yanzu mu ajiye doka, mu ɗauka babu ɗan sanda a duniya. Ita kanta bindigar fa? Ƙarfe ne da ya haura shekara 100, ya sha damina da rani, ba ka san a ramin da ya kwana ba. Ƙarfe yana gajiya, kuma tsagewar da ke cikinsa ido ba ya ganinta.

15/ Tsofaffin cikinsu an ƙera su ne don albarushin da, irin mai hayaƙi. Harsashin zamani ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka haɗa sabon harsashi da tsohuwar ganga, ita gangar ce za ta iya fashewa. A ina take lokacin? A tafin hannunka, kusa da idonka.

16/ Ba ƙirƙira na yi ba. Webley da yawa da aka kai Amurka an rage bayan gangarsu don su ci harsashin da ya fi samuwa a can, wanda matsinsa ya wuce abin da aka gina su a kai. Su kansu masu tara bindigogin suna gargaɗin juna a kan haka. Wannan ɓangaren ba ya shiga bidiyon daƙiƙa 30.

17/ Ga kuma lalacewar juyi. Idan haƙoran da ke juya ganga suka cinye, ramin harsashi ba ya daidaita da bututu, sai ɓarɓashin dalma ya fantsama gefe. Wanda ke gefenka yana ɗaukar bidiyo, shi ne abokin naka. Da yawansu kuma in suka faɗi ƙasa da harsashi a ciki suna iya tashi da kansu.

18/ Wa zai duba maka ita a Kano? Mai walda? Mai gyaran babur? Baturen can yana kai tasa wurin ƙwararre a auna ta kafin ya ja kunama. Kai kuwa gwajinka na farko da yatsunka za ka yi shi, yatsun da kake rubuta jarrabawa da su.

19/ Wani zai ce to ni ajiyewa kawai zan yi, ba harbi. Ingila ma haka ta ɗauka. Bayan kisan yara a makarantar Dunblane a 1996 ta hana ƙananan bindigogi, amma ta bar ƙofa ga tsofaffi: in ado za ka yi da ita, kuma harsashinta ya daina samuwa, ba ka buƙatar lasisi.

20/ Sai wani dillali mai suna Paul Edmunds ya riƙa shigo da tsofaffin libarba, yana haɗa musu harsashi a gidansa, suna ƙarewa a hannun 'yan daba. An gano harsasansa a wuraren laifi fiye da 100, har da kisan kai. A 2017 kotu a Birmingham ta ɗaure shi shekara 30.

21/ A 2021 Ingila ta tsaurara dokar, ta cire nau'in harsashi bakwai daga jerin waɗanda aka ɗaga wa ƙafa. Ƙasar da ke da rajista, da ɗakin binciken harsashi, da kyamara a kan tituna, "kayan ado" sun ba ta wahala. Mu da ake yanka mutum a kan waya fa?

22/ Mu zo kan masu cewa tarihi suke so. Madalla. Amma tarihin wa? Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwar Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Da igwa da mashinga suka zo, kuma Webley ce libarbar sojan Ingila a wancan zamani.

23/ A ƙarshen watan aka yi Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya faɗi. A Yulin 1903 aka yi Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. A 1906 aka shafe Satiru. Libarbar da ka mayar hoton fuskar wayarka, a ƙugun wanda ya ba da umarnin harbin kakanninka take.

24/ Ban ce a ƙona tarihi ba. Kakanninmu ma sun riƙe bindigar Ingila a Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Tarihinmu ne, mai daɗi da mai ɗaci. Amma wurin ajiyarsa Gidan Makama ne, a bayan gilashi, da bayani a ƙasa. Ba ƙarƙashin katifar hostel ba.

25/ Tsakani da Allah, cikin masu cewa "tarihi nake so", mutum nawa ne suka taɓa biyan kuɗin shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa? Suna nan cikin gari, kuɗin adaidaita ne kawai. Wanda bai taɓa leƙa su ba, ba tarihi ne ya dame shi ba. Ƙara yake so, da a ce masa oga.

26/ Kuma tunda muna maganar Titin Ibrahim Taiwo, kun san waye shi? Kanar ne, gwamnan soja na Kwara. An kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976 a yunƙurin juyin mulkin Dimka, ranar da aka harbe Janar Murtala a motarsa a Legas. Murtala yana da shekara 37.

27/ Manyan tituna biyu a wannan yanki na Kano, Ibrahim Taiwo da Murtala Muhammad, sunayen mutum biyu ne da aka kashe rana ɗaya. Sojoji ne, sun fi ni da kai sanin bindiga, sun yi yaƙin basasa. Sanin bai hana ba. Kullum muna bi ta kan darasin a adaidaita ba ma karantawa.

28/ Yanzu ga hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: tsaro. Mutumin ƙauye a Zamfara ko Katsina da aka kwashe masa shanu, aka sace matarsa, ya kira waya babu wanda ya zo. Ba ni da bakin da zan ce masa ya naɗe hannu. Gwamnati ce ta gaza, kuma ita ya kamata ta ji kunya.

29/ Har gwamnoni sun faɗa. Masari a Katsina ya ce mutane su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce 'yan Zamfara su nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ka ga ko gwamna bai iya ba ka abin da wani ke maka tayi a saƙon sirri ba.

30/ Amma mu yi gaskiya. Mutumin ƙauyen can ba Webley yake nema ba. Ɗan bindiga yana zuwa da AK-47 mai cin harsashi 30, su hamsin a kan babura. Kai kana da shida, na shekara aru-aru, wataƙila uku su ƙi tashi. Wannan ba kariya ba ce, ba su dalilin fara harbinka ne.

31/ Kada mu ari hawayen mutanen Zurmi da Batsari mu wanke sha'awarmu da shi. Su matsalarsu rayuwa ce. Namu na birni da ke wannan zance, yawanci abin nunawa suke so. Haɗa biyun cin fuska ne ga waɗanda aka kashe wa iyaye.

32/ Inda jihohi suka ga dole sai an ba mutanen gari makami, ta hukuma suka bi: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, da horo da kaki da shugabanni. Ko a hakan ana ta ƙorafin wuce gona da iri. To ina ga wanda babu mai tambayarsa?

33/ Mun kuma ga abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai da ba su da linzami a Zamfara: a kashe mutum a kasuwa bisa zargi, danginsa su dawo ramuwa, gari ya tashi. Makami a hannun wanda ba ya amsa tambayar kowa bai taɓa tsayawa a kan mai laifi kaɗai ba.

34/ Ƙwacen waya fa? Gaskiya ne ya ishe mu. Amma ka zana hoton: bayan magariba, cunkoson Kwari, 'yan dako, mata da goyo, almajirai, 'yan adaidaita. Wani ya fizge wayarka ya ruga. Ka zaro libarba. Ka rantse da Allah wa za ka samu?

35/ Harsashi ba ya karanta suna. Ya wuce ɓarawo ya samu mai sayar da awara, shi ke nan ka tashi daga wanda aka zalunta ka koma mai kisan kai, a kan wayar da za ka iya sake saye. Kuma da zarar ɓarayi sun san ana yawo da bindiga, su ma wuƙa za su ajiye su nemo tasu.

36/ Ku tuna yadda muke. Musun ƙwallo a gidan kallo yana kaiwa ga dambe. Faɗan daba a unguwanni da wuƙa da gora ake yi, kuma a hakan ana rasa rai. Zaɓe yana zuwa duk shekara huɗu da nasa haukan. Wannan garin ne kuke so a zuba wa bindigar aljihu?

37/ Bindigar ma ba ƙaranci ta yi ba. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya. Tun rushewar Libiya a 2011 makamai ke gangarowa ta Sahel. Da yawan bindiga na kawo zaman lafiya, da yanzu barci muke ƙofa a buɗe.

38/ Amurkan da ake kwaikwayo kuwa, bindigoginta sun fi mutanenta yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta bindiga a can, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wannan ma ba ya cikin bidiyon. Ka tuna daren da sakamako ya fito da faɗuwa, ko daren da aka fasa auren wani. Gara a ce babu komai a durowa.

39/ Gidajenmu kuma ba irin nasu ba ne. Ɗaki ɗaya kai da ƙannenka uku. Babu akwatin ƙarfe mai makulli. Yaro ɗan shekara takwas ya san inda kake ɓoye cajarka, ya san lambar buɗe wayarka. Kana ganin ba zai gano abin da ke cikin jakar saman sif ba?

40/ Kar wani ya ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya hana nuna ɗan uwa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ɗauke da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu. Kibiya ke nan. Ina ga abin da yatsa ɗaya ke tayarwa?

41/ Wani zai kawo 'yan bindigar Sarki a Hawan Daushe. Ai su sanannu ne, suna da shugaba, gadon gidansu ne, albarushi suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi, a rana sananniya, a gaban hukuma. Kai wa ya san da kai? Wane ne shugabanka? Kada ka haɗa kanka da su.

42/ To idan da gaske akwai wata a gidanku fa, ta kaka tsohon soja ko tsohon ɗan doka? Kada ka gwada ta. Kada ka ɗauke ta hoto ka ɗora. Kada ka sa ta a jaka ka hau adaidaita, don a shingen bincike babu mai sauraron labarin kakanka.

43/ Ka gaya wa babban gida. Ku nemi lauya, ku sanar da mai unguwa, a shirya yadda hukuma za ta zo ta karɓa. Akwai 'yan sanda, akwai cibiyar ƙasa ta taƙaita ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. In tana da darajar tarihi, ku nemi a kai ta gidan tarihi da sunan kakanku.

44/ Mai son kaki da harbi tsakani da Allah, ƙofa a buɗe take: NDA tana Kaduna, makarantar horar da 'yan sanda tana nan Wudil, Depot yana Zariya. A can za a ba ka bindiga, a koya maka, a kuma tambaye ka lissafin kowane harsashi. In ba za ka iya wannan ba, sha'awarka ta tsaya a kallo.

45/ Ƙarfin da muke ɓatawa a musun Webley da Nagant, mu juya shi kan waɗanda muka zaɓa. Ina fitilun titi? Ina sintirin dare? Ina shari'ar waɗanda aka kama da wayoyin mutane, da masu sayen na sata? Kansila da ɗan majalisa suna da shafi a nan. Ku cika musu wajen sharhi da wannan.

46/ Na san za a zo min da "matsoraci" da "ɗan boko". Bismillah, wajen sharhi na nan. Sharaɗi ɗaya: wanda zai yi musu ya fara amsa min lamba 13 da lamba 34. Wa ya sayar maka, kuma wa za ka samu a cunkoson Kwari?

47/ Wanda ya san yana da aboki ko ƙane da wannan zance ya fara shiga kansa, ya tura masa zaren nan tun kafin a kai ga zuwa ziyara Kurmawa da kwanon abinci. Allah Ya tsare mana Kano, Ya kawo wa mutanen Zamfara, Katsina da Sakkwato sauƙi. Amin.